Hoto Ya Yi Arha, Mai Gyara Ya Yi Wuya

Da la'asar sakaliya, idan rana ta fara sassauta wa mutane, bakin madatsar ruwan Shagari kan ɗauki jama'a. Masunta na turo jiragensu gaɓa, yara na koro shanu su sha, masu noman rani na naɗe tiyo suna kashe injin ban-ruwa. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wasu masu zuwa: samari bibbiyu a kan babur, kowa da waya a hannu, sun zo farautar faɗuwar rana.

Ɗaya zai tsuguna, ya saita wani masunci da ke tsaye cikin jirgi, ya danna. Sai ya miƙa wa abokai. "Kai, wanga hoto ya yi!" "Masha Allah, gwani na gwanaye." Wayar ta zaga hannu huɗu ta dawo, babu wanda ya ce masa ruwan ya karkace kamar zai tsiyaye ta hagu, fuskar masuncin ta zama baƙin dunƙule, ga wata leda a gaba-gaba ta fi mutumin fitowa. Da dare hoton ya hau Facebook, yabo ya ninka. Gobe yaron ya dawo bakin ruwa ya maimaita kuskuren jiya, wannan karon da ƙarfin gwiwa.

Haka abin yake a Boɗinga, haka a Sifawa da Dancaɗi, haka a sauran garuruwan da ke kudu da Sakkwato. Ba a taɓa yin zamanin da ake ɗaukar hoto a wannan yanki kamar yanzu ba. Sai dai yawancin masu ɗaukar ba su taɓa zama gaban wanda zai duba aikinsu ya ce musu nan kun yi daidai, nan kun kauce ba.

Zamanin da kuskure ke cin kuɗi

Duk wanda ya kai shekara arba'in ya san mai hoto na da. Ranar Sallah ko ranar buki za ka gan shi da kyamara rataye a wuya. Fim ɗinsa hoto 24 ko 36 yake ci, kowanne kuɗi ne. Ba ya ganin abin da ya ɗauka sai ya kai fim birni an wanke, ya dawo bayan kwanaki da ambulan a hannu. Idan ya yanke wa amarya goshi, ko ango ya fito ido rufe, uwar buki ba za ta biya ba, kuma kafin magariba labari ya zaga gari.

Shi ya sa ba a faɗa wa sana'ar da ka. Yaro kan fara da sharar shago da riƙe fitila, ya daɗe yana kallo. Ran da aka ba shi kyamara, ogansa zai ɗaga nagatif sama wajen haske ya bi su ɗaya bayan ɗaya: wannan ka tsaya da nisa, wannan rana na bayansu, wannan hannunka ya yi rawa. Wani ogan da faɗa yake koyarwa, wani har da ranƙwashi. Ba na kewar ranƙwashin, amma yaron kan bar shagon da ido.

Manyan masu hoto na Afirka ta Yamma ta nan suka bi. Malick Sidibé na Bamako, wanda hotunan samarin Mali suka kai shi ga babbar lambar yabo ta birnin Venice a 2007, a shagon wani Bafaranshe ya fara a tsakiyar shekarun 1950, yana hidima yana koyo.

Sai wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Bayan shekara goma da ɗoriya, wayoyi masu kyamara irin su Tecno da Infinix da Itel suka cika kasuwa a farashin da ɗan talaka zai iya tarawa ya saya. Hoto ya zama kyauta: ka ɗauki hamsin, ka goge arba'in da tara. Alheri ne babba, don ɗan manomin da a da sai ranar Sallah ake ɗaukarsa, yau shi ke ɗaukar wasu. Amma waya ta zo da kyamara, ba ta zo da oga ba.

Darasu

Abin mamaki shi ne, wannan yanki ba wurin da za a tsaya bayanin amfanin gyara ba ne. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 kafin ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan kusa da shi a Boɗinga. Zama ne na karatu da rubutu: ɗalibi ya karanta, malami ya tsayar da shi, ya gyara, a ci gaba.

Har gobe haka ake yi a tsangaya. Gardi ya rubuta satu a allonsa da ka, ya ɗauko ya kawo darasu, alaramma ya bi shi layi-layi a gaban jama'a. Ko wasali ɗaya ya tsallake sai an nuna masa. Ba ya tashi ya ce malam na yi masa hassada. Ya san allon da bai je darasu ba, ba a dogara da shi.

To, me ya sa idan aka zo kan hoto sai baki ya mutu? Kara na ciki. Abokinka ya nuna maka abin da ya yi yana murna, ka ce masa da saura, sai a ga kamar ka watsa masa ƙasa a ido. Sannan akasarin hotunan da muke nuna wa juna na kanmu ne da na iyalanmu, don haka mun saba duk maganar da aka yi kan hoto magana ce kan wanda ke ciki. Ka ce hoto ya yi duhu, sai mai shi ya ji kamar fatarsa ka taɓa.

Kalmar ma kanta ba ta taimaka ba. Suka, a Hausa, da mashi ake yin ta ko da wuƙa. Wa zai miƙa aikinsa da hannunsa a soka? Alhali abin da ƙungiyoyin masu hoto ke yi a Ingila tun wajen 1853, da aka kafa ta Landan, ya fi kusa da darasu: kowa ya kawo aikinsa, a baje, a yi magana kan aikin, a bar mai shi da mutuncinsa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Abin da mai gyara ke dubawa

Mai gyara na ƙwarai da tambaya yake farawa: me kake so a gani? Idan yaron nan na bakin ruwa ya ce masuncin, to leda da rabin sama ba su da aiki a hoton, ya matsa kusa, ya juya yadda haske zai sauka a fuskar mutumin. Idan kuwa ya ce jan sama yake so, to masuncin ya zama inuwa ba laifi ba ne, ado ne ma. Hoto ɗaya, hukunci biyu. Wanda ya fara gyara bai tambaya ba, son ransa kawai yake ɗora wa wani.

Daga nan sai haske, kuma a nan ne ƙasarmu ke da tata matsalar da littattafan Turai ba su cika tsayawa a kanta ba. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, rana tsaye a ka. Ga dattijo baƙar fata cikin farar shadda, ga hula ta jefa masa inuwa a ido. Idon mutum na ganin rigar da fuskar a lokaci guda, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya. Idan ta bi rigar, fuska ta nutse cikin duhu. Idan ta bi fuska, aikin wuyan rigar ya ƙone fat, ɗinkin da aka biya dubbai ya ɓace.

Maganin ba ya cin ko sisi. A ja dattijon gindin dogonyaro, ko bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe, a taɓa fuskarsa a gilashin wayar kafin a danna. Ni a wurina bakin zaure ya fi situdiyo da yawa da na shiga. Amma yaro na iya shekara uku yana ɗauka bai gano wannan ba, abin da wani zai nuna masa cikin minti biyu.

Hazon hunturu ma haka. Da yawa kan ajiye waya su ce gari ya yi dishi-dishi, alhali hazon nan tankaɗe haske yake yi ya sauko da laushi. Ayarin raƙuma ko jakuna da lodin kara cikin hazon safe, hoto ne da ba a samunsa da damina.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Turken lantarki da ya tsiro daga kan ango. Ƙafafun da aka yanke a idon sawu. Idon kyamara da ya sha ƙura da maiƙon yatsa, wanda bakin riga ya isa ya goge. Zuƙo abu daga nesa da yatsa biyu har ya farfashe, maimakon a taka a je kusa. Tura hoto ta WhatsApp a mayar, a sake turawa, har ya ƙare ba kyan gani, don manhajar matse shi take yi.

Mai hankali ba ya juye duk wannan a kan yaro rana ɗaya. Abu ɗaya ko biyu ya isa, bayan an faɗi abin da ya yi daidai, kuma a faɗe shi da dalili. Wanda gyaransa bai wuce "ka sayi babbar waya" ba, bai ce komai ba.

Amaryar da danginta ba su gane ta ba

Akwai gyaran da ya fi na haske nauyi. Shekaru da dama kamfanin Kodak na auna launin hotunansa da katin da ke ɗauke da hoton mace farar fata, shi ya sa baƙar fata ta daɗe tana fitowa ba yadda take ba. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da 'yan uwanta, ya ci kasuwar Afirka ne da abubuwa da dama, ciki har da gyara kyamararsa ta iya ɗaukar baƙar fuska. Sai ga shi mu da kanmu mun koma muna kunna abin da ke wanke fuska ta yi fari, ya share tabo da zane, ya siranta hanci.

Na taɓa ganin hotunan wani buki inda wata tsohuwa ta riƙe waya tana tambayar wace ce wannan. Jikarta ce, wadda ta yi wa wanka tana jaririya. Aka yi dariya aka wuce. Ni dai ban ga abin dariya ba, don bayan shekara talatin wannan hoton 'ya'yan amaryar za su ɗauka a matsayin kamannin uwarsu.

Wurare ma ba su tsira ba. A ƙara launi har ruwan Shagari ya koma shuɗi kamar teku, jar ƙasa ta koma kamar an zuba mata manja. Mai gyara ya kamata ya iya cewa: ya yi kyau, amma ba garinmu ba ne.

Duniyar hoto ta daɗe tana wannan rigima. A gasar hotunan jarida ta World Press Photo ta 2015, kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da su saboda an yi musu kwaskwarimar da ta wuce ƙa'ida. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyauta a gasar Sony, sannan ya ƙi karɓa, ya ce ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton, ba kyamara ba. Idan alƙalan gasa za su ruɗe, ina ga wanda ke duba waya a teburin mai shayi?

"Ka tambaye shi?"

Wannan tambayar, a ganina, ta fi duk sauran muhimmanci a nan, kuma ita aka fi mantawa. Hoto na iya cika kowace ƙa'ida ta haske da tsari, ya zama bai kamata a ɗauke shi ba. Matar aure a bakin rijiya. Almajiri yana cin abinci a kwanonsa. Tsoho yana barci a rumfar kasuwa, baki buɗe. Su ne hotunan da suka fi jawo yabo, su ne kuma waɗanda masu su ba su san an yi ba.

A watan Afrilun 2022 jirgin ruwa ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa da suka fita neman itace. A irin wannan rana kusan kowa a bakin ruwa yana da waya a aljihu. Me za a ɗauka, me za a bari? Ɗan jarida ya sha wannan darasi a wurin editansa. Ɗan koyo ba shi da edita, sai abokan da za su iya ce masa goge wannan, uwarsa na raye.

Malamai sun daɗe da saɓani kan hoton abu mai rai. Akwai masu hana shi sai da lalura, irin ta fasfo da katin shaida. Akwai masu bin fahimtar irin su Shaihu Muhammad Bakhit, tsohon muftin Masar, wanda ya ɗauki hoton kyamara a matsayin kama inuwa kawai, kamar yadda madubi ke yi. Amma babu ɓangaren da ya halatta tona asirin mutum ko keta alfarmar gawa.

Ga kuma tsaro. Jihar Sakkwato, wadda a 2021 aka toshe layukan waya a ƙananan hukumominta 14 saboda 'yan bindiga, ba wurin da za a riƙa baza hoton garken mutum da ƙofar gidansa da hanyar da yake bi ba ne. Yaro na neman yabo, bai san ya yi wa infoma aiki kyauta ba.

Masu cewa a bar yara

Ba kowa ya yarda da wannan duka ba. Wasu na cewa nishaɗi ne, ba jarrabawa ba. Matashin da ba shi da aikin yi ya samu abin da ke ɗebe masa kewa, ya fi zaman banza, don me za a sa masa ido? Suna da gaskiya ta wani fanni: wanda bai nemi gyara ba, ba a bin sa da shi. Darasu ma, gardi ne ke ɗauko allonsa ya kawo.

Wasu kuma na cewa ƙa'idojin duk na Bature ne. Wannan ban yarda da shi ba. Mutumin da ya fayyace yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana abin da ke waje, Ibnul Haisam ne, a Alƙahira, kimanin shekara dubu da suka wuce. Kuma mai aikin hula da mai zanen bango da mai saƙar tabarma duk sun san karkatacce idan sun gan shi, ba wanda ya je Landan a cikinsu.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na mugun baki. Akwai masu fakewa da gyara su nuna isa, su yi wa ɗan koyo tsirara a gaban abokansa. Irin wannan ya kashe wa mutane da yawa sha'awa, musamman 'yan mata, waɗanda tun farko da ƙyar suka samu aka bar su suna ɗauka. Kuma asarar ba ƙarama ba ce, don rabin rayuwar garuruwan nan a cikin gida take, inda namiji baƙo ba ya shiga: lalle, daka, kitso, kamun amarya. Idan 'yan mata suka ajiye waya, wannan rabin ya tafi ba hoto.

Su kuma masu cin abinci da sana'ar, wasunsu ba sa ɓoyewa: ba za su koya wa wanda gobe zai karɓe musu buki a rabin farashi ba. Ana iya fahimtarsu. Sai dai yaron zai karɓi bukin ko an koya masa ko ba a koya masa ba, kuma idan ya ɓata, sunan masu hoton garin gaba ɗaya yake ɓatawa.

Wa zai ɗauki Boɗinga?

Hotunan Alhaji Shehu Shagari da doguwar hularsa sun cika duniya, daga hawansa mulki a 1979 har rasuwarsa a Disambar 2018. Garin da ya haife shi fa? Ka nemi hoton garin Shagari ko Boɗinga a intanet, abin da zai fi fito maka taron siyasa ne da rabon kayan tallafi. Gonakin albasa, jan akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, maƙera, tsofaffin unguwannin Sifawa da ginin ƙasa ke ba siminti wuri, duk suna jiran mai ɗauka.

Wasu a Arewa sun nuna ana iyawa. Fati Abubakar ta fara baje hotunan rayuwar yau da kullum ta Maiduguri wajen 2015 da sunan Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai bam. A 2023 Sani Maikatanga na Kano, wanda aka sani da hotunan hawan Sallah, ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa da hoton ambaliyar Auyo ta Jihar Jigawa. Gasar nan tun 2014 ake yin ta, shiga kyauta ce, ana kuma karɓar hoton waya. Amma alƙalanta ba su san kara ba. Hoton da ruwa ya karkace ba zai wuce ba, komai yawan yabon da ya sha a gida.

Abin da ake buƙata bai kai a jira gwamnati ba. Tabarma ce, da yammaci ɗaya a wata, da mutum ɗaya da ya san aikin. A Sakkwato da Boɗinga da Shagari akwai tsofaffin masu hoto da waya ta kashe wa kasuwa, suna zaune da ilimin shekara talatin da akwatunan nagatif da ƙura ke ci. Baba mai hoto, a taimaka a fito da su, yaran nan su ga yadda garinsu yake kafin a haife su, su kuma ji abin da ogan da ya koya maka ya faɗa maka.

Ku kuma samari da 'yan mata, idan za ku zo, kada ku zo da hoto hamsin. Ku zaɓi biyar, ku zo da wanda kuka fi shakka a kansa.